Masu Buga Littafin Jana'iza a Gyaɗi-Gyaɗi

A Tarauni, in mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wanka, likkafani, sahun salla a ƙofar gida, sai makabarta. Abin da ya rage zaman makoki ne da addu'a. Takarda ba ta shiga lamarin, in ka ɗauke sanarwar da ake turawa a waya. Amma a cikin wannan ƙaramar hukuma, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya, akwai ɗakin ajiye gawa, kuma a cikinsa akwai waɗanda za su yi mako biyu ko uku suna jiran 'ya'yansu su hallara daga Legas da Fatakwal da Ingila. Galibinsu Kiristoci ne. A ratar da ke tsakanin ranar rasuwa da ranar binnewa ne wata sana'a take samun abinci, sana'ar tsarawa da buga littafin jana'iza, wanda masu shi suke kira furogiram.

Ka sauko daga gadar Dangi ka miƙe titin Gidan Zoo, ko ka shiga Court Road da lungunan da suka ratsa ta, za ka ga shagunan: ƙofar gilas, kwamfuta biyu ko uku, samfurin katin biki manne a bango, janareto a waje ɗaure da sarƙa. An fi sanin titin Gidan Zoo da ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa, amma masu ɗab'i ma ba baƙi ba ne a nan, don fim da waƙa da siyasa duk fosta suke ci. Abincinsu na kullum katin ɗaurin aure ne, da kalanda, da rasit, da takardun jarrabawar makarantun kuɗi, da hotunan 'yan takara in kakar zaɓe ta kama. Littafin jana'iza ba kullum yake zuwa ba, kuma kaso mai yawa na irinsa a Sabon Gari ake yi, inda majami'u suka fi yawa. Wanda ya faɗo nan, ko dai kusancin asibiti ne ya kawo shi ko sanayya: ɗan mamacin ma'aikacin jinya ne, ko a Hotoro yake zaune, ko a shagon aka buga masa katin aurensa. Sau da yawa saurayin da zai zauna gaban kwamfuta ya tsara littafin Musulmi ne, bai taɓa leƙa majami'a ba. In an shigo da aikin zai miƙe ya ce, “Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana,” ya jawo mata kujerar da ta fi lafiya a shagon.

Littafin kansa ƙarami ne, shafi 16 zuwa 32, ko da yake masu hali suna kai shi 60. Bango na ɗauke da hoton mamaci da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ciki akwai jerin yadda sujada za ta gudana, tun daga daren waƙe-waƙe har bakin kabari: wa zai buɗe da addu'a, wace aya za a karanta, wane fasto zai yi wa'azi, a ina Zumuntar Mata za ta yi waƙa. Sai waƙoƙin da jama'a za su rera tare, sai tarihin mamaci, sai saƙonnin iyali da abokai, sai hotuna, sai godiya a shafin ƙarshe. Ana raba shi a ƙofar majami'a, kowa ya riƙe nasa ya bi sujada da shi, ya tafi da shi gida.

Cikin irin waɗannan ayyuka, wanda ya fi cin lokaci shi ne na dattijon da ya haɗa abu uku: tsohon soja, dikin a ikilisiya, uban gida mai 'ya'ya da jikoki. Ga wanda bai sani ba, a majami'u irin na Baptis dikin ba fasto ba ne, ba shi da albashi. Mutum ne daga cikin jama'a da aka zaɓa don hidima. Shi ne mai ƙirga baiko bayan sujada, mai raba Jibin Ubangiji, mai zuwa duba marar lafiya, mai sanin wace gwauruwa ce kuɗin haya ya cim mata, mai shiga tsakanin miji da mata kafin magana ta kai gaban fasto. Kiristoci suna danganta asalin muƙamin da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, inda aka ware mutum bakwai don kula da rabon abinci ga matan da mazajensu suka mutu. A majami'ar ECWA, waɗanda suke ɗauke da irin wannan nauyi dattawa ake ce musu. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana wannan aiki, ba gidan da bai shiga ba a ikilisiyarsa, don haka ba gidan da ba zai so sunansa ya fito a littafin ba.

Ɓangaren soja kuma tarihin ƙasa ne a dunƙule. Kafin yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 sojan Nijeriya bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 ya doshi 250,000. Samari da yawa daga Zuru da Langtang da kudancin Kaduna da ƙasar Tangale da Bachama a wannan guguwar suka shiga kaki, ba su san Kano ba sai da aka turo su. Wasu sun je Lebanon daga 1978, na bayansu sun je Laberiya daga 1990, magabatansu kuwa sun yi Kwango a farkon shekarun 1960, wanda shi ya sa barikin Bukavu na Kano yake amsa sunan wani gari na gabashin ƙasar. Da aka sallame su, da yawa ba su koma ƙauye ba. Suka zama masu gadin banki, direbobin kamfani, masu kula da sito a Bompai da Sharaɗa, suka yi ta sintirin bin fansho, suka aurar da 'ya'ya a nan. Da Hausa suka yi bariki, da Hausa suka yi sujada, don tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Janar-janar suna da masu rubuta musu tarihi. Saje ko samanja, waɗannan 'yan shafukan da za a buga a lungun Gyaɗi-Gyaɗi su ne kaɗai littafin da za a taɓa yi a kansa, kuma jikan da ba a haifa ba a nan zai je nemansa. Mai ɗab'in da ya gane haka yana aikin da hannu biyu. Wanda bai gane ba yana ɗauko tsohon fayil ne ya sauya suna da hoto.

Kayan aikin farko a leda yake zuwa. A ciki akwai takardar sallama daga soja da ta ninku har ta yage a gaɓoɓi, katin baftisma, hoton aure, hoton fareti, da tarihin da babban ɗa ya rubuta da biro a takardar makaranta. Nan take matsala ta farko take fitowa, wato shekarar haihuwa. An haifi mutum a ƙauye ba takarda. Malamin mishan ya kimanta ya rubuta wata shekara a katin baftisma. Ranar ɗaukar soja ya ƙara wa kansa shekara biyu don a karɓe shi. Ƙanwarsa da ke raye kuma ta ce ai shekarar fari aka haife shi. Mai tsarawa ba ya zaɓa. Yana jera takardun a tebur ya ce, “Yallaɓai, ga uku nan, ku zauna ku ba ni ɗaya,” don ya san in ya zaɓa da kansa, shi za a kama da laifi ranar jana'iza.

Hoto shi ne inda gwaninta take bayyana. Tsohon hoto ne baƙi da fari, an ɗauka a wani situdiyo a Inugu ko Kaduna, ruwa ya taɓa gefensa, kyankyaso ya ɗanɗana kusurwa. Za a ɗora shi a sikana a ɗauka da ƙarfi sosai, a buɗe a Photoshop, a bi tsagar da ta ratsa fuska ɗigo-ɗigo ana cikewa da launin fatar da ke kusa. Wurin da sabon hannu yake faɗawa rami shi ne damtse. Igiya ɗaya lanskofur ce, biyu kofur, uku saje. Yaron da bai san haka ba yana iya ganin igiyar ƙasa ta dushe ya ɗauka tabo ne ya share ta, ya sauke wa mutum muƙamin da ya yi shekara bakwai yana nema, kuma abokan aikinsa na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da za su zo da hulunansu su sara wa akwati, abin da idonsu zai fara sauka a kai ke nan. Yanzu akwai manhajojin da suke wanke tsohon hoto su sa masa launi cikin daƙiƙa. Suna da amfani, sai dai sukan gyara fuska har ta tashi daga ta mai ita: hanci ya miƙe, tsagar gado ta ɓace. Matar da ta yi shekara hamsin tana kallon fuskar za ta dubi allo ta ce ba shi ba ne. Masu hankali a sana'ar suna barin tsaga a inda take.

Sai sunaye. Jerin waɗanda mamaci ya bari yana da tsari: mata, 'ya'ya bisa girma, surukai, jikoki, tattaɓa-kunne, 'yan'uwa. Dikin kuma ya riƙe 'ya'yan wasu, marayun ƙaninsa da yaron maƙwabci da ya girma a gidan, kuma kowannensu Baba yake ce masa. A sa su cikin 'ya'ya ko a ware musu layi? Ba aikin mai ɗab'i ba ne ya yanke, amma aikinsa ne ya tambaya, don suna ɗaya da aka manta yana iya raba zumuncin da mamacin ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkewa. Saƙonnin ta'aziyya kuwa ta WhatsApp suke zubowa, wani da Turanci, wani da Hausa, wani da harshen gida wanda mai tsarawa ba ya ji ko kalma ɗaya, dole ya kwafe shi harafi-harafi. Wani saƙon murya ne, sai an saurara an rubuta. Na 'yar da ke Amurka ƙarfe biyun dare yake shigowa, bayan an ce an rufe karɓa, kuma ba mai iya ce mata a'a. Waƙoƙin Hausa da za a ɗebo daga Littafin Waƙoƙi suna bukatar haruffa masu lanƙwasa, kuma ba kowane salon rubutu na CorelDraw yake da su ba. In ba a lura ba sai a ga 'yan akwatuna sun fito a gurbinsu bayan an riga an buga.

A nan ina da ƙorafi, kuma kan iyalai yake. Za ka ga littafi mai shafi 40, saƙonni sun cinye 25, kowa yana maimaita cewa Baba mutumin kirki ne, tarihin kansa kuwa shafi ɗaya da rabi: an haife shi, ya shiga soja, ya yi ritaya, ya rasu. A wace bataliya ya yi? Wa ya koya masa karatu? Me ya sa ya zauna a Kano lokacin da rikici ya sa wasu suka tattara suka tafi? Matarsa tana zaune ta san amsar duka, ba wanda ya tambaye ta. Mai tsarawa da ya san aikinsa yakan ce, “Anti, akwai rabin shafi da ya rage a nan, ku tambayi Mama ko akwai abin da za a ƙara.” Sau da yawa wannan rabin shafin shi ne abin da ake karantawa sau biyu.

Rabin shafi yana raguwa ne saboda lissafin sana'ar. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu, don kowace takarda in an ninka ta shafi huɗu take bayarwa. In rubutu ya tsaya a shafi 29, ko a matse shi ya koma 28 ko a nemi abin cikewa ya kai 32. Kuma ba a jere ake buga shafukan ba. A littafi mai shafi 32, shafi na 1 yana zama kusa da na 32, na 2 kusa da na 31, kowane biyu in ka haɗa su ba ka 33. Wanda ya kuskure wannan jeri, sai an ninka littafi a ga addu'ar rufewa ta riga wa'azi. Kafin a taɓa inji ana fitar da gwaji ɗaya a ba iyali su karanta, kuma mai shagon da duniya ta koya wa hankali ba ya ci gaba sai wani babba a gidan ya sa hannu a kowane shafi.

Takarda ita ce uwar kuɗin. Ta ciki, in rubutu ne zalla, farar takarda ce mai nauyin giram 70 ko 80. Shafukan hotuna suna son mai sheƙi, giram 135 ko 150. Bango kuwa kati ne, 250 ko 300. Manya-manya ake sayo su, inci 24 da 36, kuma falle ɗaya in an yanka an ninka yana ba da shafi 32 na ƙaramin littafi cif. Ke nan kofi 300 falle 300 ne, sai a ɗora na asara, waɗanda inji zai ci kafin launi ya daidaita. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Iwopin da Oku Iboku, duk suka durƙushe aka sayar da su, don haka yawancin abin da ake bugawa a Kano daga Indonesiya da Sin da Indiya yake zuwa, ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas, ya hau tirela ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000. Duk abin da ya sami dala, washegari ya sami rim.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma yawan kofi ne yake raba ta. In kofi 50 ne ko 100, ana kai wa injin da ake kira DI, wanda yake karɓar aiki kai tsaye daga kwamfuta ya fitar da shi da launi cikakke, ana biya a kan kowane falle. Yana da sauri, ba ya bukatar faranti, amma kofi na ɗari kuɗinsa ɗaya da kofi na farko. In an haura ɗaruruwa, kamar yadda jana'izar dikin takan kai, tunda ikilisiya guda ce za ta zo ga kuma mutanen ƙauye, sai a koma ofset. A nan sai an fara yin faranti, wato fallen alminiyam da ake zana shafukan a kansa. Kowane launi da farantinsa: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. Littafi mai shafi 32 a injin ofset da ake kira Kord fuska huɗu ne, kowace fuska shafi takwas. In baƙi ne zalla faranti 4 ya isa, in launi ne duka sai 16. Wannan ne ya sa ake shawartar iyali su tara hotuna a tsakiya wuri ɗaya, sauran a bar su baƙi da fari. Mai shagon da ya ba da wannan shawara ya rage wa kansa ciniki, amma ya sayi amana.

Kord tsohon injin Heidelberg ne na Jamus, kuma da yawa daga cikin waɗanda suke aiki a Kano sun girmi masu tuƙa su. Launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Takarda za ta bi ta cikinsa ta ɗauki shuɗi, a wanke rola, a sauya faranti, ta koma ta ɗauki ja, haka har sau huɗu, kamar yadda marini yake mayar da zane cikin baba har launin ya kama. Kowane zagaye dole ya sauka daidai kan na baya. In ya goce da kaurin gashi, sai dattijo ya fito da ido huɗu. Sirrin injin ruwa ne da tawada: inda ba rubutu faranti yana riƙe ruwa ya ƙi tawada, inda akwai rubutu ya kama ta. Ruwa ya yi yawa launi ya kwanta, ya yi kaɗan takarda ta yi datti. Mai inji yana tsaye yana zaro falle ɗaya cikin kowane 'yan goma, ya ɗaga shi ga fitila, ya murɗa wani ƙaramin kusa, ya mayar da kunne ga ƙarar injin. Yanayi ma yana da baki a ciki. Da hunturu takarda tana bushewa ta lanƙwashe, falle biyu su manne su shiga tare. Da damina tawada ba ta bushewa da wuri, in aka yi gaggawar juya takarda sai fuskar wani ta fito a bayan shafin waƙa.

Bayan bugu sai aikin hannu, wanda yara da mata suka fi yi, ana biyansu a kan ɗari ko dubu. A lulluɓe bango da leda mai sheƙi ko marar sheƙi, a ninka, a jera shafuka a dogon tebur ana zagayawa ana ɗauka ɗaya-ɗaya, a buga waya biyu a tsakiya, a kai wa injin yanka ya daidaita gefe uku. A ɗaure hamsin-hamsin a zuba a kwali.

Kuɗi fa? Ana ƙirga wa mai aiki abu shida: tsarawa, takarda, faranti, bugu, leda, haɗawa. Masu sana'ar za su gaya maka takarda ce take cinye kaso mafi girma, tsarawa kuwa, wadda ta fi komai cin dare, ita ce aka fi rainawa. Mutum zai biya kuɗin rim ba musu, amma ya ce ai zama kawai aka yi a gaban kwamfuta. Ba a fara aiki sai an karɓi kafin alƙalami da zai sayi takarda. Tun daga 2023 ma ba a ba da farashin da zai kwana biyu. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati take bayarwa a kusan 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni. Takarda da tawada da faranti da kayan gyaran inji duk da dala ake sayo su, janareto kuma ba ya jin ta'aziyya. Wanda ya karɓi aiki ranar Litinin bai sayi takarda ba sai Laraba, ribarsa tana iya ƙarewa a hanyar kasuwa.

Kuma ribar ba aljihu ɗaya take shiga ba. Kaɗan ne suke da komai a rufi ɗaya. Mai tsarawa daban, mai faranti daban, mai Kord yana wani lungu, mai yanka yana wani. Tsakaninsu akwai ɗan kwangila wanda ba shi da inji ko ɗaya, jarinsa waya ne da babur da sanin wa yake da wuta yau. Shi yake karɓo aikin, ya rarraba, ya tattaro, ya ci abin da ya saura. Abin da yake ɗan faɗaɗa cinikin shi ne 'yan rakiyar littafin: babbar bana ta fleks da za a rataya a ƙofar gida da ta majami'a, wadda ake saye da ƙafa; riguna masu hoton Baba na jikoki; sitika ta manna wa bokiti da kofi da ake rabawa; hoto babba cikin firam da za a riƙe a gaban akwati. Sau da yawa a nan ake mayar da abin da littafin ya ci.

Ana shiga sana'ar ta ƙofa biyu. Akwai masu karanta fasahar ɗab'i a makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, amma mafi yawa a gindin inji suka koya. Yaro yana farawa da ɗaukar takarda da wanke rola da kananzir, ya yi shekara yana kallo kafin ogansa ya bar shi ya ɗaura faranti. Hannunsa ba ya rabuwa da tawada, ƙirjinsa yana shan warin sinadari a ɗakin da ba taga, kunnensa yana shan ƙara. Rola tana kama yatsa, wuƙar injin yanka kuwa ba ta san na gida ba; a tsofaffin masu inji ba wuya ka ga wanda yatsunsa ba su cika ba. Na gaban kwamfuta kuma ido da baya suke biya. Kasuwar ma tana sauya fuska: littattafan soyayya da suka riƙe injinan Kano tun tsakiyar shekarun 1980 sun koma waya, katin biki da yawa yanzu hoto ne a WhatsApp. Littafin jana'iza yana cikin 'yan abubuwan da har yanzu mutane suke so su riƙe a hannu.

Wahalarsa ta musamman ita ce rana. Kalanda in ta makara mako guda ba wanda ya mutu. Wannan kuwa an riga an sa ranar ɗauko gawa, an ɗauki motar asibiti, an gaya wa mutanen ƙauye, fasto ya ware Asabar. Daren Alhamis shagon ba ya rufuwa. Gyara na ƙarshe yana shigowa ƙarfe goma sha ɗaya, wani kawu ya ce an rubuta sunansa ba “Cif” a gaba. In an riga an yi faranti, sabon faranti ke nan, kuma ba kasafai ake iya ɗora kuɗinsa a kan mai makoki ba. Da asuba a ɗora kwalaye a adaidaita, wasu su bi ayarin gawa daga asibiti, wasu a kai tashar Unguwa Uku a ba direba da lambar wayar wanda zai karɓa a ƙauye.

Cikon kuɗi shi ne abin da ba a so a yi maganarsa. An ce za a kawo bayan an dawo daga ƙauye. An dawo, gida ya watse, kowa ya koma inda ya fito, wanda ya kawo aikin ya ce wansa ne zai biya, wan ya ce bai san da maganar ba. Bin bashin biki da sauƙi, kana iya tsayawa a ƙofar ango. Gidan da aka yi rashi kuwa, mai shago yakan buga waya sau ɗaya, ya fara da gaisuwa, kunya ta hana shi kaiwa ga maganar. Wasu sun daina sakin kwali sai an cika. Wasu har yanzu suna saki, suna cewa ba za a ce su suka riƙe jana'izar dattijo ba. Akwai kuma iyalan da suke dawowa da kansu da cikon, har da kofi ɗaya na littafin da ɗan abin da aka raba, su ce a ajiye fayil ɗin, don in shekara ta zagayo za a yi sujadar tunawa, za a bukaci sitika da kalanda.

Fayil ɗin yana zama a kwamfuta cikin jakar da aka sa wa sunan mamacin, tsakanin katin wani ɗaurin aure da fostar wani kansila. Sauran abin da aikin ya bari ba a zubarwa. Gefen takardar da injin yanka ya zubar ana cusa shi a buhu a sayar wa masu sake sarrafa takarda. Fallayen da suka lalace wajen daidaita launi ana ajiye su don gwajin aiki na gaba, a buga a bayansu. Farantan kuma ana tara su a bayan ƙofa har su yi yawa, 'yan gwangwan su zo su auna a kilo, kuɗin yakan zama na yaran shago.